Kundin aiki: jagorar ƙarin mahaifa da katin bibiyar jini don asibitocin unguwa a Kaduna

13 ga Janairu, 2025

An fara aiki. Abu biyu za a fitar: ƙaramar jagora da Hausa don ungozomomi da jami'an lafiya na asibitocin unguwa, da kati ɗaya da mace za ta tafi da shi gida tana rubuta yadda jinin al'adarta yake zuba. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma a ƙaramin asibitin mazaɓa mace take fara kai kukanta, tun kafin ta ga likitan mata a asibitin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko Shika.

Zaman yau ya tafi ne a kan suna. A bakin mutane akwai ƙari, akwai tsiro, akwai ƙululu, wasu kuma su ce faibiroid. An tsaya a kan "ƙarin mahaifa". Amma kowanne aka faɗa, tunanin mai saurare wajen ciwon daji yake tafiya, don haka layin farko na jagorar zai zama: ƙarin mahaifa ba daji ba ne. Dunƙulen nama ne mai tauri da yake fitowa daga tsokar bangon mahaifa. In an tsaga shi bayan tiyata za a gan shi fari, da zane a murɗe kamar curin zare. Akwai mai girman ƙwayar wake, akwai wanda ya kai kankana, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne. Sinadaran da gidan ƙwai yake fitarwa, isturojin da furojestaron, su ne abincinsa. Shi ya sa ba a ganinsa kafin balaga, kuma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, sama da kashi 80 cikin ɗari na mata baƙar fata suna da shi, fararen fata kuma kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san da shi ba, kuma ba sa buƙatar komai. Wannan ne ginshiƙin jagorar: abin da ƙarin yake yi wa mace shi ake bi, ba girman da hoton sikanin ya nuna ba.

27 ga Janairu

Shafin wurin da ƙari yake zama ya kammala. An kwatanta mahaifa da ɗaki. Wani ƙarin yana turo kai cikin ɗakin, inda jinin al'ada yake taruwa kuma ciki yake zama. Wani yana cikin bango. Wani yana bayan bango, ta waje, wani lokaci a rataye da siririn wuya. Na cikin ɗaki, ko da bai wuce goro ba, shi ne mai tsiyayar da jini da jawo ɓari. Na waje yana iya kai girman gwanda al'ada na tafiya daidai, sai dai ya danne mafitsara mace ta yi ta zaryar fitsari, ko ya danne hanji bayan gida ya yi wuya.

Wasu masu ɗaukar hoto suna rubuta lamba daga 0 zuwa 8 a takardar sakamako, bisa tsarin ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO. Ungozoma ba ta buƙatar haddace su duka. Ta riƙe cewa 0 da 1 da 2 na cikin ɗaki ne, kuma mai irin waɗannan in tana zubar da jini ko tana neman haihuwa, turawa gaba za a yi.

10 ga Fabrairu

Gwajin farko na katin bai yi ba, kuma laifin na katin ne. An tsara shi a kan ƙirga audugar mata da aka canza a rana. To, mata da yawa ƙunzugu suke yi da tsumma, wasu suna haɗa auduga biyu, wasu kuma tsadar audugar ta sa suke barin ɗaya har ta cika ta zarce. Ƙirgen bai nuna komai ba. An soke shi, an mayar da katin layi ɗaya ga kowace rana, da gurabe huɗu da mace za ta sa alama ko da ba ta karatun boko: ɗigon ja ɗaya, jini kaɗan; biyu, matsakaici; uku, ya ɓata zani ko shimfiɗa; sai da'ira, in guda-gudan jini sun fita masu girman dabino ko fiye.

A littafi, al'ada mai yawa ita ce wadda ta wuce mililita 80, kimanin ƙaramin kofin shayi. Babu mai aunawa a gida. Tambayoyin da suka fi fito da gaskiya su ne waɗannan, kuma an sa su a jagorar yadda za a faɗe su: "Hajiya, kwana nawa kike yi kafin ki yi wanka?" "Kina tashi cikin dare ki canza?" "Akwai ranar da ba kya iya fita unguwa ko zuwa Islamiyya saboda shi?" Wadda take wuce kwana 8, ko take jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya zuwa biyu, ko take tashin dare, ta shiga sahun waɗanda za a auna wa jini a ranar.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi sauran: "Kin taɓa tambayar malam ko malama hukuncin sallarki saboda jinin ya ƙi tsayawa?" A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Mata sun san wannan hukunci sarai, kuma da yawa a nan suke tsayawa: an warware musu matsalar sallah, sai su ɗauka magana ta ƙare. Alhali sunan da malamai suka ba shi ma ya isa ishara, jinin ciwo ne, ciwo kuwa asibiti ake kai shi. An yanke shawarar a buga wani gajeren shafi dabam don malaman Islamiyya mata, domin su ne suke fara jin labarin, wani lokaci shekara guda kafin ungozoma ta ji.

24 ga Fabrairu

Shafin ƙarancin jini. Wannan shi ne abin da yake kwantar da mata, har ya kai wasu ga ciwon zuciya, ba dunƙulen kansa ba. Jinin yana raguwa a hankali wata bayan wata, jiki yana sabawa, mace tana shara da girki da jinin da in namiji ne ya wayi gari da shi sai an kwashe shi. Alamun da za a tambaya: haki in ta hau bene ko ta yi wanki, jiri in ta miƙe, bugun zuciya, ciwon kai, kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa.

An gyara umarnin dubawa. Tsohon rubutun ya ce a duba tafin hannu da farce. A nan kuwa lalle ya rufe tafi da farce, kwalli kuma yana ɓata gefen ido. Sabon umarnin: a kai mace bakin taga ko ƙofa, ba ƙarƙashin fitila ba, a ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa har cikinta ya bayyana, a ce ta kalli sama, sannan ta fito da harshe. Mai lafiya cikin idonta ja ne sosai. Wadda jininta ya yi ƙasa za a ga wurin ya koɗe kamar cikin ɓawon ƙwai. Duk da haka ido ba ya maye gurbin awo. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mace marar ciki in himogulobin ɗinta, wato sinadarin da yake ba jini launin ja, ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 8 ya yi tsanani. Inda PCV ake yi, wato awon kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kusan 36 da 24 ke nan. Mai ƙasa da 8, ko mai haki tana zaune, ko mai kumburin ƙafa, ranar za a tura ta.

Maganin ƙarin jini: ƙwayar fasolet mai miligiram 200 tana ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 65. Guda ɗaya a rana ta isa, wadda take damun cikinta ta riƙa sha rana ɗaya tana tsallake ɗaya. Abu uku suke sa mata su daina, kuma duk ukun ana iya faɗa musu tun farko: bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce, yana iya yin tauri, a yawaita ruwa da ganye, kuma jin ƙarfi bayan sati biyu ba warkewa ba ce. A sake awo bayan sati 4, a ci gaba da sha wata 3 bayan jinin ya daidaita, don rumbun jiki ya cika. Kada a haɗa shi da shayi ko madara, suna hana hanji ɗaukarsa. A bar awa biyu tsakani, a sha da lemon zaƙi ko gwaba. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, amma ba sa cike gurbin da al'ada mai yawa take buɗewa duk wata.

10 ga Maris

Azumi ya shigo, an dakatar da fita gwaji. An ƙara layi biyu: ƙwayar ƙarin jini a sha ta kafin kwanciya, ba da shayin sahur ko na buɗa-baki ba. Wadda jininta ya yi ƙasa sosai ta tambayi likita kafin ta ɗauki azumi, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

7 ga Afrilu

Duba ciki da hoto. Mace ta yi fitsari tukuna, ta kwanta rigingine, a sa gefen hannun hagu daga saman ciki ana saukowa a hankali har a ci karo da tauri. Ana faɗin girman kamar na juna biyu: in ya leƙo saman ƙashin mara, sati 12, tsakanin ƙashin da cibiya, 16, a cibiya, 20. Mahaifa mai ƙari tauri gare ta, da tudu-tudu, ba laushin ciki ba.

Kafin komai a yi gwajin ciki da fitsari, ko da mace ta ce tana ganin al'ada. Dalili biyu ne. Ƙari da ciki suna haɗuwa. Sannan akwai maganar kwantaccen ciki: mara ta tasa, haihuwa ta yi jinkiri, sai gida ya yanke cewa ciki ne ya kwanta, ko aljanu sun riƙe shi, a yi ta jira shekara biyu ana turare da rubutu. Wannan yana buƙatar lallashi, domin mace ce da ta daɗe tana sa rai. Jagorar ta ce a nuna mata gwajin da idonta, a kai ta hoto, a yi bayanin ita kaɗai kafin a kira maigida ko uwar miji, in ta yarda a kira su.

Hoton sikanin ta saman mara yana son mafitsara a cike: kofi huɗu na ruwa, awa ɗaya kafin a shiga, kada a yi fitsari. Takardar da ta ce "akwai ƙari" kawai ba ta da amfani. A nemi a rubuta guda nawa ne, girman mafi girma da santimita, wurin da yake, ko ya taɓa cikin ɗakin mahaifa, in kuma babba ne a leƙa ƙoda, don yana iya danne hanyar fitsari ƙoda ta kumbura ba tare da wani ciwo ba.

An sa akwati ja a ƙasan shafin, abubuwan da ba za a jingina wa ƙari ba ko da hoto ya nuna shi: jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke da shekara, ruwa mai wari, kumburin da yake ƙaruwa ga wadda ta daina al'ada, rama ba dalili. Waɗannan sai an leƙa bakin mahaifa. Dajin bakin mahaifa yana ɓuya a bayan sakamakon hoto, kuma sau da yawa "sanyi" ake ce masa ana ta shan magani daga kemis.

22 ga Afrilu

Jerin magunguna ya dawo daga gyaran likitocin mata. Babu ɗaya a ciki da yake kawar da ƙari. Jini da ciwo suke ragewa, kuma likita ne zai rubuta.

Taranezamik asid, giram 1 sau uku a rana, daga ranar da jini ya ɓalle, kwana 4 kawai. Yakan rage zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ba ya hana ɗaukar ciki, don haka ya dace da mai neman haihuwa. Ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu. Mefenamik asid, wato Ponstan, miligiram 500 sau uku bayan cin abinci, ga mai ciwon mara. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta kauce masa. Asfirin da garin ciwon kai masu ɗauke da shi suna ƙara zubar jini, an rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Primolut N mata sun san shi, suna saye don ɗaga al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji. Likita yana iya amfani da shi ya tsayar da jinin da ya ɓalle, amma shan sa barkatai yana rikita al'adar har a kasa gane abin da ake ciki.

Wadda ba ta neman ciki yanzu tana da allurar wata uku, ko robar mahaifa mai sinadari irin Mirena, wadda take rage jini ƙwarai in ƙarin bai lanƙwasa cikin ɗakin ba. In ya lanƙwasa, robar takan faɗo. Robar jan ƙarfe kuwa ƙara jinin take yi, kada a sa wa mai wannan matsala.

Allurar Zoladex, miligiram 3.6 duk kwana 28, ita ce take motsar da ƙari da gaske, cikin wata uku yakan ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, al'ada ta tsaya jinin jiki ya farfaɗo. Amma tana da tsada, tana kawo zafin jiki da gumin dare irin na ɗaukewar al'ada, ba a wuce wata 6 da ita saboda tana cin ƙashi, kuma da an daina ƙarin yake komawa yadda yake. Shiri ce ta tiyata.

12 ga Mayu

An daɗe ana muhawara kan masu maganin "narkar da ƙari" na tasha da rediyo da WhatsApp. Matsayar: a faɗi gaskiya ba tare da zagin kowa ba. Ba a san wani jiƙo ko gari da aka tabbatar yana narkar da shi ba. Guda-gudan da suke fita bayan an sha, waɗanda ake nuna wa mace a ce ga ƙarin nan ya fito, daskararren jini ne. Wadda ta dage sai ta gwada, a roƙe ta abu biyu: hoto da awon jini kafin ta fara, a maimaita bayan wata uku.

An kuma rubuta shafin haihuwa. Ganin ƙari ba ya nufin shi ne ya hana ciki. Mata da yawa suna haihuwa da shi lafiya. Kafin a yanka mace saboda neman haihuwa, a auna maniyyin maigida, a yi hoton hanyoyin ƙwai. Awon maigida ya fi kowanne sauƙi da araha, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

26 ga Mayu

Shafin tiyata, mafi tsawo. Hanya biyu ce a yawancin asibitocinmu: a cire ƙari a bar mahaifa, ko a cire mahaifar. Akwai aikin da ake yi da na'ura ta bakin mahaifa ga na cikin ɗaki, akwai na ƙananan huda, akwai kuma toshe jijiyar da take kai wa ƙarin jini, wanda likitoci a Faransa suka fara bayyanawa a 1995, amma waɗannan ba ko'ina ake samu ba, likita ne zai ce ko sun dace.

Cire ƙari a bar mahaifa aiki ne mai cin jini. Don haka ake son PCV ya kai 30 kafin a shiga, kuma a tanadi jini aƙalla leda biyu. Nan ne aiki ya fi tsayawa: an ba da rana, kuɗi ya haɗu, masu ba da jini ba su zo ba. Jagorar ta ce a fara neman su tun sati biyu kafin ranar, mutum uku ko huɗu, domin wani rukuninsa ba zai dace ba, wani awo zai fitar da shi. Ana ɗibar mililita 450 ga mai shekara 18 zuwa sama da ya kai kilo 50, kuma ba ya rage wa namiji ƙarfi.

A cikin ɗakin tiyata, bayan an buɗe mara an fito da mahaifa, likita yakan zagaya wuyanta da robar fitsari ya ɗaure tam, jinin da yake hawowa ya tsaya, mahaifar ta yi fari, a rubuta lokacin ɗaurin. Sai ya tsaga bango a kan ƙarin, ya kama shi ya ɓare shi daga kwanfarsa kamar ana fitar da ƙwallon mangwaro, ya bi sauran ta wannan tsagar in zai yiwu, ya ɗinke ramukan daki-daki kada jini ya taru a ciki, sannan a kwance robar a ga ko akwai inda yake tsatsa. In jini ya ƙi tsayawa, cire mahaifar ne zai ceci rai. Shi ya sa takardar amincewa take ɗauke da wannan, kuma dole mace ta ji shi da Hausa, daga bakin likita, kwanaki kafin aikin, ba a kan gadon turawa ba. Abin da aka ciro a sa shi a ruwan fomalin mai hana ruɓewa a kai ɗakin gwaji. Dangi su gani in suna so, amma kada a ba su su tafi da shi.

Bayan aiki: a tashi a taka washegari don kada jini ya daskare a ƙafa, kwana 3 zuwa 5 a asibiti, sati 6 babu daka, babu jan ruwa a rijiya, babu ɗaukar jarka. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinki, kumburin ƙwauri ɗaya ko haki, a koma nan take. Ɗaukar ciki sai bayan wata 3 zuwa 6, yadda likitan ya ce. A tambaye shi ko ya shiga cikin ɗakin mahaifa, a rubuta amsar a kati, domin in ya shiga, haihuwa ta gaba da tiyata ce, naƙuda a gida tana iya fasa tabon. Kuma wani sabon ƙarin yana iya fitowa bayan shekaru.

Cire mahaifa shi ne mai raba gardama ga wadda ta gama haihuwa. Tsoron da aka fi ji shi ne "zan zama ba mace ba", ko maigida zai ji bambanci ya ƙaro aure. An rubuta amsar a fili: al'ada da haihuwa ne suke tsayawa, zaman aure yana nan yadda yake, in kuma an bar gidan ƙwai zai ci gaba da fitar da sinadaransa.

9 ga Yuni

Ƙari da juna biyu, a taƙaice. A tsakiyar ciki ƙarin yana iya rasa isasshen jini ya yi ciwo mai tsanani a wuri ɗaya. Hutu, ruwa da farasitamol, a asibiti, yawanci ya lafa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ba a yin tiyatar cire shi a lokacin sai da larura babba. Jariri yana iya kwanciya a gicciye, kuma mahaifa mai ƙari ba ta matsewa da kyau bayan haihuwa, jini yana iya ɓallewa. Awo da haihuwa a babban asibiti mai ajiyar jini.

23 ga Yuni

Katin ɗigo ya dawo daga gwaji na biyu, ana cike shi daidai, sai dai takardar tana yagewa a jaka. Za a buga a kwali mai kauri, wata uku a fuska ɗaya. Takardar turawa ta samu gurabe biyar: sakamakon gwajin ciki, PCV da ranar da aka yi shi, girman mahaifa da sati, maganin da aka fara, da ko mace tana son haihuwa nan gaba. An ƙara layin tunatar da mai rajistar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ta tambayi abin da tsarinta ya ɗauka kafin ranar aiki.

Saura shafin malaman Islamiyya, wanda yake hannun masu duba ɓangaren fiƙihu, da sautin murya na minti uku don waɗanda ba sa karatu. Zanen ɗakin mahaifa za a sake shi, ƙarin cikin ɗaki ya fito da girma har ana ɗaukarsa jariri.